YAƘI DA CIWON SANKARA FARALU KIFAYA NE A KAN JAMA'A

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya halicci cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan karo a kan ciwon sankara ne, wanda wasu ke kira ciwon daji ko kansa. Da wuya a samu unguwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa wadda ba ta yi jana'izar wani ba ta sanadinsa. Abin baƙin ciki, da yawa ba a kai su gidan likita sai ciwo ya ci jiki, bayan an daɗe ana cewa sammu ne ko jifa.

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, sankara tsoka ce ta jikin mutum da ke hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, har ta yaɗu zuwa wasu gaɓoɓi. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko musafaha. Wasu nau'o'inta suna da sanannen sababi. Sankarar bakin mahaifa tana zuwa ne daga ƙwayar cutar HPV. Sankarar hanta sau da yawa tana biyo bayan ciwon hanta nau'in B, wanda jariri kan ɗauka daga mahaifiyarsa ko ta askar wanzami marar tsabta. Gyaɗa da masara masu funfuna suna ƙara haɗarinta. Taba kuwa ita ce babbar ƙofar sankarar huhu.

Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Sunna ta yi umurni da shi, kuma Suratul Ma'ida ta umurci muminai da taimakon juna a kan alheri. Malamai sun bayyana cewa aikin da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsa faralu kifaya ne: idan wasu suka tsaya da shi har ya wadatar, an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari, laifi ya hau kowa. To, wannan ciwo ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Hukuma ta yi wani abu daga nata rabo. A shekarar 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana cewa jinyar sankarar mata kyauta ce. A 2021 aka buɗe sashen gashi da haske na farko a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan sai an fita ƙasar waje. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a 2020, ta sa wa ƙasashe buri zuwa 2030: a yi wa kashi 90 cikin ɗari na ƴan mata rigakafin HPV, a auna kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Wa zai biya kuɗin mota? Wa zai ba da masauki? Wa zai riƙe yara? Nan ne rabonmu ya fara.

Ya kai maigida, iyalinka amana ce a wuyanka. Idan matarka ta ji ƙullutu a mamanta, ko da ba ya zafi, ko tana ganin jini bayan kwanciyar aure ko bayan haila ta ɗauke mata, kai ta a auna ta cikin wannan mako, kada ka jira kaka. Sankarar da aka gano da wuri ana warkewa daga gare ta da iznin Allah. Kada kunya ta hana ku. A nemi ungozoma ko likita mace. Idan babu, shari'a ta yi rangwame saboda lalura.

Ya ku limamai da masu wa'azi, ku faɗi wannan a kan mumbari da makarantun mata. Ku yi addu'a ga marar lafiya, sannan ku ce masa ya tafi likita. Wanda ya riƙe majinyaci yana karɓar kuɗinsa alhali ya san abin ya fi ƙarfinsa, ya ji tsoron tsayuwa gaban Allah.

Ya ku ƴan kasuwa da masu motoci, majinyaci matalauci yana cikin masu cin zakka. Kujera ɗaya a mota zuwa Yamai sadaka ce. Kowane masallacin Juma'a yana iya buɗe asusu, a damƙa shi ga amintattu, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Ƴan'uwanmu mazauna Yamai su buɗe ƙofofinsu ga baƙin jinya.

Saura haƙƙin waɗanda Allah Ya tashi kafaɗunsu. Akwai matar da aka cire wa mama ta warke, ta dawo gida, sai miji ya ƙaurace mata ko ya sake ta, maƙwabta suka daina cin tuwonta. Wallahi wannan zalunci ne. Ta yi haƙuri da wuƙar likita da zubewar gashi. Kada mu ƙara mata da wulaƙanci. A ziyarce ta, a mayar mata da jarinta, a tuna mata ranar komawa awo. Ita ce kuma ta fi kowa iya lallashin ƴar'uwarta mai tsoron likita.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sanya jinyarsu ta zama kaffara, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, Ka saka wa likitoci da masu jinya da alheri. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.