Rigar Waya da Hukuncin Al'ada

A zaurukan karatu na ƙasar Hausa, har da na Gusau da Bungudu, mai koyon tauhidi daga Ummul Barahina, littafin Shehu Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 1490, yakan fara ne da sanin cewa hukunci iri uku ne, na shari'a da na hankali da na al'ada, kuma na al'ada shi ne alaƙar da ake ganewa saboda yawan maimaituwa, wadda tana iya saɓawa ba tare da hankali ya ce hakan ba zai yiwu ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da wuta da auduga ya buga misali, abubuwa biyu da Gusau, garin gurzar auduga, ya san haɗarin haɗuwarsu, inda ya nuna cewa ido yana ganin ƙuna tare da wuta ne kawai, Allah kuwa shi ne mai ƙonawa.

Wutar lantarki ta sake ɗauko wannan mas'ala ta wata fuska. Layin da ke tasowa daga Funtuwa zuwa Gusau ta yankin Tsafe, da taransifomomin unguwanni, duk sun dogara ga abubuwan da ke tare wuta, wato tangaran da mai da takarda da robar da ake yi wa waya riga da ita, jama'a kuma sukan ce roba ba ta jan wuta kamar dai ɗabi'arta ce da ba ta sauyawa, alhali kowace roba tana da iyakar ƙarfin da in wuta ta haura shi sai ta huda ta.

A 1994 masani T. J. Lewis na Bangor a Birtaniya ya jawo hankali ga abin da ke faruwa a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, gwaje-gwajen da suka biyo baya kuma suka nuna cewa in aka barbaɗa ƙwayoyin silika masu irin wannan ƙanƙanta, sinadarin da ke cikin yashi, kashi kaɗan cikin ɗari a jikin roba, takan ƙara jure tartsatsin da ke cinye ta sannu a hankali. Abin lura shi ne masu binciken sun jingina wannan juriya ga siririn yankin da ƙwaya da roba suke haɗuwa, kuma in ƙwayoyin suka dunƙule wuri ɗaya, kayan da ba a rage musu komai ba sukan lalace da wuri.

Gaggawa ce a ce wannan ya tabbatar da mazhabar Ash'ariyya ta su Gazali, domin Ibn Rushdi, wanda ya rasu a 1198 bayan ya yi wa Gazali raddi cewa musun sabubba musun ilimi ne, zai iya amsawa cewa tsarin ƙwayoyin ma sabab ne. Wanda binciken ya kayar shi ne mai zaton cewa sunan abu ya isa a san aikinsa, ɓangaren Gazali da na Ibn Rushdi kuwa a ɗakin gwaji na'ura ɗaya za su kunna, su yi ta ɗaga ƙarfin wuta har robar ta huje, sannan su rubuta lamba ɗaya.