Shin Zubar da Shara Yana Shiga Almubazzaranci?

Maigida yakan ce da kuɗinsa ya saya, in ya ga dama ya jefar. Amma a Musulunci dukiya amana ce, kuma Suratul Isra'i ta danganta almubazzarai da shaiɗanu, ba ta ware mai ɓarnata kaɗan ba.

A Kano ta dā, jakuna ke kwashe toka da kashin awaki zuwa gonaki, su zama taki. Yau an cakuɗa su da leda. Akuya ta ci ta mutu, kwata ta toshe da damina, ruwa ya rushe katangar maƙwabci, wanda bai saya ba, bai zubar ba. Alhakinsa yana wuyan wa? Alhali bokiti biyu sun isa: ɗaya na gwangwani da roba domin 'yan jari-bola, ɗaya na ɓawo domin dabbobi.