Allurar Bayan Labule

Ɗanlami direban tirela ne, shekara 17 yana jigilar kaya tsakanin Kano da Legas. Hanyar Tegina zuwa Mokwa da Jebba ya san ta rami-rami. Tafiyar dare ya fi so, don rana ba ta gasa taya kuma motoci sun ragu, kuma gudun kada barci ya sace shi yakan kora tiramol biyu da shayi mai kauri, wani lokaci ya ƙara ɗaya kafin Ilori. Abincinsa na bakin titi ne, taliya da ƙwai, burodi, lemon kwalba uku ko huɗu a yini. Yana cika shekara 43 tumbinsa ya fara gogar sitiyari.

A shekarar nan ne jikinsa ya fara yi masa wani iri. Ya kwanta ya tashi kamar bai runtsa ba, ga yawan fitsarin dare, ga ƙishirwa. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne wanda bakinsa bai iya furtawa: sha'awa ta ja baya, idan ma ta zo jiki ba ya amsawa kamar da. Ga shi an sa ranar aurensa da Saudatu, saura wata uku.

Ya fara da inda kowa ke farawa. Masu lasifika a tasha suka ce basir ne, ya sha jiƙo har ya gaji. Wani ya ce sanyi ne, wani ya kawo masa gagai a ƙulle cikin leda. Ana nan sai wani abokinsa direba ya ja shi gefe ya raɗa masa kwatancen wani mai kemis.

Mai kemis bai tambaye shi komai ba. Ya ɗaga labule suka shiga ciki, ya zaro 'yar kwalba ƙarama wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ya ɗan ƙwanƙwasa kanta da farce, ya karya wuyanta. Ruwan ciki mai ne, a hankali yake hawa cikin sirinji.

"Oga, wannan sinadarin maza ne tsagwaronsa, testostaron. Duk sati uku ka zo. Za ka ba ni labari."

Gaskiya ne, ba a yi sati biyu ba Ɗanlami ya ji ƙarfi ya dawo masa. Aka yi biki, amarya ta tare. Sati uku ya koma sati biyu, domin da ƙarfin allurar ya fara sauka sai kasala ta dawo fiye da ta da. Ko uwargidansa, Maman Abba, bai gaya wa ba.

Shekara ta zagayo, ta biyu ta bi ta, Saudatu ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ba wanda ya kalli maigida, ai ga 'ya'yansa huɗu suna yawo a tsakar gida. Ba kuma wanda ya tsaya ya lura cewa ita ma Maman Abba, wadda ba ta taɓa wuce shekara uku ba goyo, shiru take tun zuwan amarya. Idanu duk suka koma kan yarinya 'yar shekara 22. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe mai ɗaci, an yi mata hayaƙi. A gidan suna ta taɓa jin wata daga dangin miji ta ce "juya" ƙasa-ƙasa, ta yi kamar ba ta ji ba, sai da ta dawo ɗaki ta yi kukanta. Su kuma danginta suka ce hannun kishiya ne. Matan nan biyu da suka fara zama kamar Yaya da ƙanwa, suna cin abinci kwano ɗaya, suka koma ko gaisuwar kirki babu.

Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai. A gidajenmu idan haihuwa ta yi jinkiri mace ake tuhuma, alhali likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama da haka akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajinsa kuma ya fi nata sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Saudatu ta je asibiti ita da ƙanwar mahaifiyarta. Aka yi mata gwajin jini, aka yi hoton mahaifa mai zafin nan da ake tura ruwa a ga ko hanyoyi a buɗe suke. Komai lafiya. Likitar ta rubuta takarda ta ce a kai wa mijinta, shi ma a auna maniyyinsa. Ɗanlami ya karɓi takardar ya ninke ta ya tura ƙarƙashin katifa.

"Ni da 'ya'ya huɗu? Wace irin magana ce wannan?"

"Malam, ni dai abin da aka ce in faɗa maka na faɗa."

Ranar da Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce a gaban Saudatu ko a fara duba wata matar, ranar ta ɗauki mayafinta ta tafi gida. Da ya aika a yi biko, baffanta ya ce ba aike yake so ba, shi da kansa zai zo. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, 'yarmu an juya ta an duba ta ciki da bai, ba ta yi musu ba. Kai ma je ka yi abin da likita ya ce. In ka kawo takarda sai mu yi magana."

Ya je, yana jan ƙafa. Sakamako ya fito babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya. Aka maimaita bayan 'yan makonni, haka dai. Sai aka tura shi wurin likitan mafitsara, wani mai furfura da ba ya gaggawar magana.

"Malam Ɗanlami, wane magani kake sha?"

"Babu, likita."

"Allura fa? Ko ta ƙarin ƙarfi?"

Ya yi shiru har likitan ya ajiye biro. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da fankon 'yar kwalbar, wanda ya taɓa ɗauka don ya nemi irinta a Legas, ya ɗora a kan tebur. Likitan ya juya ta ya karanta.

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Maraina ne ke yin sinadarin nan, amma ba da ra'ayin kansu ba. Akwai wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke aika musu umarni ta cikin jini, su yi testostaron, su kuma yi ƙwayoyin haihuwa. Idan ƙwaƙwalwa ta ga jini ya cika da sinadarin, ba ta tambayar daga ina ya zo, sai ta janye umarnin. "Gidan da kullum ake kawo masa abinci daga waje," in ji likitan, "ai daina hura wuta suke yi. Murhunka ne ya yi sanyi." Ƙwayoyin haihuwa kuwa sai da sinadarin da aka yi a cikin marainan kansu suke samuwa, wanda yawansa a can ya ninka na cikin jini sau da dama. Na allura ba ya cike wannan gurbi. Shi ya sa ma marainan kan ƙanƙance. Ɗanlami ya sunkuyar da kai, don ya lura da hakan tun bara.

Likitan ya ƙara masa da abin da bai taɓa zato ba. A shekarar 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe bakwai, inda ake yi wa maza masu lafiya allurar testostaron duk mako don a ga ko za ta yi aikin tazarar haihuwa. Cikin wata shida kusan biyu cikin uku maniyyinsu ya wayi gari babu ƙwaya. Wato shekara biyu Ɗanlami yana biyan kuɗinsa ana yi masa allurar hana haihuwa, ana kuma ɗura wa matarsa sassaƙe. Gudun gara ya faɗa gidan zago.

"To likita, kasalar da na fara ji fa? Ba ƙarya na yi ba."

"Ba ƙarya ka yi ba. Sai dai ba wanda ya tambayi dalilinta."

Gwaje-gwajen da aka yi masa suka nuna dalilan. Suga ya yi sama, kuma da alama ya daɗe a jikinsa, shi kuwa ciwon suga yana lalata jijiyoyin da ke kai jini ga gaba. Kitsen tumbi yana juya wani kaso na sinadarin maza ya koma na mata. Tiramol da danginsa irin su kodin suna danne umarnin nan da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Ga rashin barci, alhali a cikin barci ne jiki ya fi yin sinadarin: a 2011 masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka sun taƙaita barcin wasu samari zuwa awa biyar a dare na mako guda, sinadarinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Shekaru su ma suna rage shi, amma a hankali, kamar kashi ɗaya cikin ɗari a shekara bayan mutum ya ba talatin baya. Kuma allurar ta bar masa nata tabon, jininsa ya yi kauri fiye da ƙima, abin da kan jawo gudan jini ya toshe jijiya. Ciwon kan da ke kama shi a kan hanya ke nan yana danganta shi da rana.

Likitan bai kushe maganin ba. Ya ce akwai mazan da shi ne lafiyarsu, kamar wanda hangum ko rauni ya lalata wa maraina, ko wanda ƙullutun ƙwaƙwalwarsa ya samu matsala. Amma kafin a ba mutum sai an ɗebi jininsa da sassafe, lokacin da sinadarin ya fi yawa, a ranaku biyu daban-daban, a ga ya gaza ma'aunin da likitoci da yawa ke sa wa iyaka a 300, ga kuma alamomi a jiki. Bayan an fara ana bibiyar kaurin jini da lafiyar mafitsara. Mai neman haihuwa kuwa ba a ba shi, wasu magunguna ake nema masa masu tayar da marainan su yi nasu.

Daga asibiti gidan Hajiya ya wuce. Ya sa aka kira Maman Abba, ya zauna a kan tabarma ya faɗi komai, tun daga labulen mai kemis. Muryarsa na rawa amma bai tsallake ko ɗaya ba. Hajiya ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Mun ɗauki alhakin yarinyar nan. Gobe da ni za a je." Maman Abba ta ce ita ma a tafi da ita.

Watannin da suka biyo baya sun yi masa tsanani. Da aka tsayar da allura jikinsa ya mutu murus, ransa yana ɓaci ba dalili, sau biyu yana kai wa bakin kemis ɗin yana juyowa. Tiramol a hankali aka riƙa rage masa, don likita ya gargaɗe shi kada ya yanke dare ɗaya. Ya fara shan maganin suga, ya bar lemon kwalba, bayan sallar asuba yana zaga unguwa a ƙafa. An gaya masa ƙwayar haihuwa kan ɗauki wajen wata biyu da rabi kafin ta nuna, kuma yawancin maza sukan farfaɗo tsakanin wata shida zuwa shekara, wasu har shekara biyu.

A wata na takwas aka sake gwaji. Ƙwayoyin sun fara dawowa, ko da yake ba su kai miliyan 16 da ake nema a kowane mililita ba. Likita ya ce saura barci, muddin yana kwana a kan sitiyari aikin zai yi ta jan ƙafa. Ɗanlami ya sami mai motar ya roƙi a mayar da shi jigilar Kano zuwa Kaduna, ya tafi da safe ya kwana a gida.

"Ka san kuɗin ba ɗaya ba ne ko?" in ji Alhajin. "Kusan rabi za ka rasa."

"Na sani, Alhaji. A ba ni ita."