TONON SILILI DA SUNAN YAƘI DA ZALUNCI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai rufa asirin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wasu mutane a wannan zamani da ke kutsawa cikin kwamfutocin hukumomi da kamfanoni ta intanet, su kwashe sunaye da lambobin waya da takardun da aka ajiye, su watsa wa duniya. A faɗarsu ba kuɗi suke nema ba, zalunci suke tonawa. Mun ji wasu samarinmu a nan Tahoua suna yi musu kirarin jarumai, shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana.

A watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS a Nijeriya, ƙungiyar Anonymous ta ce ta shiga shafin ƴansandan ƙasar, ta saki sunaye da adireshi da lambobin wayar jami'ai. Shin an ware azzalumi daga wanda bai taɓa cutar da kowa ba? Ba a ware ba. Kafin wannan, a 2015, shafin WikiLeaks ya baza takardun Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya, bayan wasu masu kutse sun yi iƙirarin shiga kwamfutocinta. Binciken kamfanin labarai na AP a 2016 ya tarar a cikin abin da shafin ya baza akwai takardun asibiti na marasa lafiya, da bayanan aure da saki da bashi, har da sunayen yaran da aka yi wa fyaɗe. Manya aka yi niyyar jifa, dutsen ya sauka a kan marasa gata.

Ba muna cewa a yi shiru ga zalunci ba ne. A cikin Suratun Nisa'i Allah Ya yardar wa wanda aka zalunta ya bayyana abin da aka yi masa. Amma Shi ne kuma Ya hana tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane, a cikin Suratul Hujurat, Ya hana shiga gidan wani ba da izini ba a cikin Suratun Nur. Malam Mawardi ya yi bayani cewa ko jami'in hisba, wanda shugaba ya naɗa, ba shi da damar bincikar abin da aka ɓoye sai idan akwai ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai, kuma amintacce ya ba shi labari. To ina ga wanda ya rufe fuskarsa, babu wanda ya naɗa shi, babu alƙalin da zai tuhume shi in ya yi kuskure?

Kada wani ya ce wannan lamarin ƙasashen waje ne. Wane gida ne a Adar babu wanda ya tafi biɗa Abidjan ko Libiya ko Nijeriya? Duk kuɗin da suka aiko, akwai kwamfutar da ta rubuta mai aikowa da mai karɓa da adadin. Layin wayarmu da katin shaidarmu aka yi masa rajista. Sunayenmu suna asibiti, suna cikin jerin masu karɓar agaji. Kuma ba mu manta da ranar 21 ga Maris, 2021 ba, ranar da ƴan bindiga suka kashe mutane 137 a Intazayene da Bakorat da Wistane, cikin yankin Tillia. Allah Ya jiƙansu. Ba kutsen kwamfuta ya jawo wannan musiba ba, amma ta nuna mana irin ƙasar da muke ciki. A irin wannan wuri, takardar da ta ce wane ya yi hulɗa da sojoji, ko wance ta karɓi kuɗi masu yawa, tana iya zama sanadin rai.

Mai kutse shi kaɗai ba ya iya kai takarda kowane ƙauye. Mu ne muke kai masa, ranar da ta shigo wayarmu muka tura ta rukunin WhatsApp na dangi ko na masallaci, ba mu san gaskiya ce ko an yi mata ƙari ba. Wanda irin wannan ta zo masa ya goge ta, ya kuma yi wa wanda ya turo nasiha a keɓe. Ya sani kuma tun 2019 ƙasarmu tana da dokar hukunta laifukan intanet.

Ku kuma masu riƙe da rajistar mutane, ma'aikatan asibiti, da wakilan aika kuɗi, da magatakardan ƙungiyoyi irin tamu, amana ce a hannunku. Kada ku ba kowa lambar sirrin kwamfutarku, ko da ɗan'uwa ne, kada kuma ku ɗauki hoton jerin sunaye da wayar da yara ke wasa da ita a gida.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.