Gorin Asali

Gori, kamar yadda kowa ya sani, shi ne ka tuna wa mutum wani abu da ke jikinsa ko a bayansa domin ka sunkuyar masa da kai a gaban jama'a. Akwai gorin arziki, wanda mai kyauta ke yi wa wanda ya ba, akwai gorin haihuwa, wanda kishiya ke yi wa kishiya, amma mafi muninsu a wurina shi ne gorin asali, domin sauran duk ana iya fita daga ƙarƙashinsu, matalauci ya wadata, juya ta sami rabo, alhali kuwa babu mahalukin da aka taɓa yin shawara da shi kafin a zaɓa masa cikin da zai kwanta ko launin da zai fito da shi duniya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari shi ne wani wunin biki da aka yi kwanan baya a wani gida na danginmu da ke Ƙofar Galadima. Cikin waɗanda suka zo daga Samaru akwai 'yan mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda mahaifinsu haifaffen wannan gida ne, ya tafi Yukren karatun likita, ya komo da shahada da kuma mata, ita kuwa matar ta musulunta tun kafin a ɗaura aure, ta iya Hausa har tana yin ciniki a kasuwar Sabon Gari ba tafinta. Babbar ta ɗauko hasken uwar da laushin gashinta, ƙaramar kuwa Allah ya yi ta kamannin ubanta sak, har da wushiryarsa. Suna shigowa tsakar gida, ana cikin rabon alkaki da dubulan, sai wata gwaggonsu ta jawo babbar, ta ture mata ɗankwali tana shafa kanta, tana cewa, "Tubarkalla, zo nan Baturiyata, ku zo ku ga gashi!" Sa'an nan ta waiwayi ƙaramar ta ce, "Ke kuwa a ina aka tsinto ki? Yayarki ta kwashe farin duka ta bar miki ƙanzo?" Aka kwashe da dariya har da tafawa. Ba a yi sa'a guda ba, da wata ta ce ai sai a haɗa babbar da ɗan gwaggon a yi tuwona maina, sai ga wannan baki da ya gama yabo yana cewa, "A'a, ruwa biyu ai sai kallo. Uwarsu fa tubabbiya ce, mu ba ma haɗa iri da wanda ba mu san tushensa ba." Yaran suna jin ta. Ƙaramar ta ja gefen mayafin 'yar'uwarta ta ce, "Yaya, mu tafi gida." Babbar ta gyara ɗaurinta har ta rufe gashin ƙaf, ta ce, "Nan ma gidan kakanmu ne," ta kama hannunta suka shige ɗakin tsohuwa, ba su sake fitowa ba sai da aka kira magariba.

Mu mutanen nan, in aka ambaci wariyar launin fata, nan da nan hankalinmu ya tafi Amurka, ko Afirka ta Kudu, inda mulkin wariya bai kau ba sai a 1994, mu yi ta Allah wadai muna ganin cuta ce ta Nasara wadda ba ta ƙetaro teku ba. Laifi tudu ne. Wanda ya zauna a tsakar gidajenmu ya ji yadda ake kiran wannan Bagwariya, waccan jikar bayi, wancan ɗan arna, ya kuma dubi yawan man shafe-shafen da 'yan mata ke ɗaye fatarsu da shi don kada a ce musu baƙaƙe, ya san cewa namu tudun ma yana da tsawo.

Na sani sarai abin da gwaggon za ta ce in aka tuhume ta, domin shi ne abin da ire-irenta ke cewa kullum: ai wasa nake yi, 'ya'yan ƙanena ne, ba ni da ikon in tsokane su? To, wasa muna da shi, kuma yana da ƙa'idarsa. Bakano ya tari Bazazzagi ya yi masa tsiya, Bazazzagi ya rama har da riba. Bafillace da Babarbare kowa na cewa ɗayan bawansa ne, a yi dariya a rabu, taubashi ya ƙwace hular taubashinsa sai an fanshe ta. Sharaɗin wannan wasa duka shi ne kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma babu wanda ya gaskata abin da yake faɗi. Amma dattijuwa mai jikoki ta tsaya a kan yarinya 'yar shekara goma sha uku, wadda tarbiyya ta hana ta ɗaga ido balle ta mayar da magana, ta faɗa mata abin da ita mai faɗin ta yi imani da shi har cikin zuciyarta, kamar yadda zancen auren ya tona, wannan zalunci ne da aka yi wa lulluɓi da dariya, kuma dariyar ta ƙara masa nauyi, tun da ta hana wanda aka zalunta ko da haƙƙin yin fushi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce a birnin Zazzau ake wannan tinƙaho da tsarkin tushe. Labarin da muke ba yaranmu na asalin Hausa Bakwai cewa ya yi baƙo ne ya taso daga Bagadaza ya auri sarauniyar Daura, kuma jikansa Gunguma shi ne farkon sarakunan Zazzau; ashe ke nan, bisa ga ruwayarmu da kanmu, daga auren baƙo da 'yar gida aka faro. Bayan jihadi, da Malam Musa ya shigo da tuta, Sarki Makau ya yi kudu, har ƙanensa Abu Ja ya kafa garin da yau ake kira Suleja a 1828, gidajen da suka riƙa karɓar sarauta huɗu ne, kuma sunayensu kaɗai sun isa hujja: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Kowanne yana shaida cewa daga wani wuri aka zo. Sa'an nan ga abin da ba a son faɗi a zaure, wato cewa a ƙarni na 19 Zazzau ta cika da rumada, ana kamo mutane daga duwatsun kudu, ana kai wasu Sakkwato a matsayin gaisuwa, ana sa wasu a ɗaka, kuma ba a soke bauta ɗungum a dokar Arewa ba sai a 1936. Manyan gidaje nawa ne a cikin ganuwar nan, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, za su lissafa kakanninsu mata har hawa biyar ba su ci karo da sa-ɗaka ba? Kuma ba aibi ba ne, domin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya hukunta cewa ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, nasabarsa ta ubansa ce, rabonsa na gado daidai yake da na ɗan matar aure, har sarauta yana ci.

Akwai wata ƙissa a cikin Buhari da nake so masu wannan hali su tsaya a kanta. An ga Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, a Rabaza, yana sanye da tufa irin wadda bawansa ke sanye da ita, ba bambanci, aka tambaye shi dalili, sai ya ba da labarin cewa ya taɓa yin cacar baki da wani mutum har ya goranta masa uwarsa, wasu malamai sun ce Bilalu ne, maganar ta kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kuwa ya shaida masa cewa har yanzu da sauran jahiliyya a tare da shi. A duba fa wanda aka faɗa wa haka: mutumin da ke cikin sahun farko na shiga Musulunci, wanda aka yi wa shaidar gaskiyar harshe da gudun duniya, duk wannan bai sa an yi masa rangwame ba a kan kalma guda da ta fita cikin fushi. Kuma bai ce wasa yake yi ba, bai ce ai gaskiya ya faɗa ba. Ya ɗauki tsawatarwar ya riƙe ta shekara da shekaru, har ta bayyana a tufar da ke wuyan bawansa. To ina ga wadda ba fushi ya ɗebe ta ba, tana zaune lafiya lau da carbi a hannu, ta goranta wa yara uwar da ta bar ƙasarta da danginta da addinin iyayenta ta bi ɗan'uwan ita mai gorin? Sahabbai ma ai yawancinsu musulunta suka yi.

Ɓarnar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ake yi tsakanin yaran su biyu. Garin nan, in ji masu tarihi, sunan Zariya ya ci, ƙanwar Sarauniya Amina, 'ya'yan Bakwa Turunku, kuma har yau ba a ambaton ɗaya a manta da ɗaya. Amma in aka dinga ɗaga yaya saboda haskenta ana kushe ƙanwa saboda duhunta, biki bayan biki, salla bayan salla, ƙanwar za ta fara ganin fuskar yayarta ita ce musabbabin wulaƙancinta, yayar kuma ta fara jin kunyar jikinta, tana ɓoye abin da Allah ya ba ta don kada a yi amfani da shi a soki 'yar'uwarta, ga shi kuwa ita ma an nuna mata cewa abar kallo ce, ba abar aure ba. Yanke zumunta ke nan tun daga ɗakin uwa, kuma dangin uba ne suka ɗauko wuƙar.

Mazan gidan ma ba zan wanke su ba. Suna zaure suna jin shewa, labari ya iske su kafin la'asar, kowa ya ce sha'anin mata ne, alhali su ne gobe, in an zo neman aure, za su tashi manzo ya tafi binciken asali, ya bi unguwa-unguwa yana tambayar wace ce kakar kakar yarinya, daga wane ƙauye aka kawo ta, da wane harshe ta zo. Bincike kafin aure abu ne mai kyau, shari'a ma ta yarda a faɗi aibin mai nema in an nemi shawara, amma abin da ya kamata a tambaya shi ne addini da hali da sana'a da lafiya. Na sha ganin gidan da aka shafe wata guda ana tonon kakanni, aka ƙi yaro mai salla da abin yi saboda an ce kakarsa Bakatafiya ce, aka ba ɗan dangi ba tare da an je asibiti an yi gwajin jini ba, yanzu ga su nan suna zarya asibitin Shika da yara masu ciwon sikila.