Keken Gida da Amanar Mai Ƙera Shi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama shi ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci a Abuja. Wani Alhaji mai sayar da rodi da kwanon rufi a kasuwar Dei-Dei ya lura yaran shagonsa, masu zuwa daga Gwagwa da Zuba da Kubwa, sun fara makara. Wasu ma a ƙafa suke tahowa, su iso a galabaice. Sai ya ƙudura zai saya musu kekuna 12 masu ɗaukar kaya, su huta da jiran mota.

Babban ɗansa, wanda ya gama hidimar ƙasa yake riƙe masa lissafi, bai ɓata lokaci ba. Ya buɗe waya ya nuna masa kekuna 'yan China, fenti na ƙyalli, a cikin kwali, dila zai turo daga Legas.

"Abba, ga su da araha. Yau ka biya, jibi sun iso."

Alhaji ya ce, "Mu fara ganin Baba Mai Keke tukuna."

Baba Mai Keke tsoho ne da ke zama a ƙarƙashin wata bishiya a bakin kasuwa, da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tub don gano inda ya huje. A gefensa akwai wani saurayi mai walda, su biyun suke haɗa kekunan dako. Saurayin ya yanka bututun ƙarfe ya haɗa firam da kariya, Baba kuma ya ɗaura sarƙa, ya ja sifoka ɗaya bayan ɗaya, yana juya taya yana kallonta da ido guda har sai ta daina rawa.

Bayan gaisuwa, ɗan Alhaji ya duba keken da ke jingine ya ce, "Baba, a gafarce ni. Wannan tayar ba a nan aka yi ta ba, sarƙar ma haka, birkin ma haka. To mene ne na gida a jikinsa?"

Baba ya ajiye sifana. "Gaskiya ka faɗa, ɗana, kuma ba zan ɓoye maka ba. Da kuruciyata na yi aiki a masana'antar Raleigh a Kano. A lokacin, malamin makaranta in ya sayi keke, ko ango ya samu na aure, akwai gumin ɗan ƙasa a jikinsa. Daga 1986 da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan aiki suka yi tsada, wuta ta ƙi zama, kayan waje suka cika kasuwa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa. Michelin ta daina yin taya a Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008. Yau abin da ya rage mana na gida shi ne hannu. In ka sayi na kwali, ladan aikin ya tafi ƙetare. In ka sayi wannan, mai sayar da bututu a nan Dei-Dei ya ci, mai walda ya ci, mai fenti ya ci, yara biyun nan da ke koyon aiki su ma sun ci."

"Amma naku ya fi tsada."

"Ya fi. Su inji ke fitar musu da dubbai a rana, mu da janareta muke walda. Ba zan ce maka na waje duk banza ba ne. Akwai Phoenix da Hero da suka shekara suna ɗaukar buhun hatsi a ƙauyukanmu. Sai dai ka je Kano ka ga ƙungiyar waɗanda cutar shan inna ta nakasa, da hannunsu suke ƙera kekunan guragu, suna ciyar da iyali da shi. Da kowa ya ce sai na waje, da bara suke yi."

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a haɗa masa duka 12. A hanya ya ce wa ɗansa, "Rodin da muke sayarwa, maƙwabtanmu ke saya. In na hana su ciniki yau, da wane kuɗi za su zo shagona gobe?"

Aka kawo kekuna, yara suka yi murna. Ba a yi wata guda ba, ɗaya daga cikinsu ya ɗauko ƙullin kusoshi zai kai Gwagwa, kariyar ta ɓalle daga inda aka yi walda. Ya faɗi a gefen titi, gwiwa da gwiwar hannu suka ɗaye. Allah ya kiyaye babu mota a bayansa.

Ran ɗan Alhaji ya ɓaci. Ya tura keken har gindin bishiya ya jefar. "Ga kishin ƙasarku nan! Da yaron mutane ya mutu fa?"

Mai walda ya sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, kayan gida ne, sai haƙuri. Ranar ba wuta, man janareta ya kusa ƙarewa, shi ya sa na ɗan taɓa shi sama-sama."

Baba ya duƙa ya shafa wurin da yatsa. Waldar ɗigo uku ce kawai, an lulluɓe ta da fenti. Ya ɗago ya dubi saurayin.

"Kada ka ƙara cewa kayan gida ne sai haƙuri. Wannan maganar ta kashe sana'o'i da yawa a ƙasar nan. Alhaji ya bar mai araha ya zo wurinmu, ya cika nasa haƙƙin. Kai kuma ka rufe aibi da fenti. Algus ke nan, kuma ka san hukuncinsa a addini. Titunan Abuja ba a yi su don mai keke ba. A zamanin Obasanjo, ministan sufuri Ojo Maduekwe da kansa ya hau keke zuwa aiki, mota ta ture shi cikin kwata. In minista bai tsira ba, yaron shago fa, a kan keken da ka ha'inta?"

Nan take Baba ya aika a tattaro sauran 11. Ya sayi mai da kuɗin aljihunsa, ya sa aka kankare fenti a kowace mahaɗa, aka sake walda cikakkiya yana tsaye. Kowane keke sai da aka ɗora masa buhun siminti aka zagaya da shi kafin ya bari a tafi da shi. Ya kuma biya kuɗin maganin yaron, ko da yake Alhaji ya ce a bar shi.

Labari ya bazu a kasuwa. Masu kai burodi da masu tallan ruwan leda suka fara zuwa. Ganin ciniki ya buɗe, mai walda ya zo da wasu takardun manne masu rubutun ƙasar waje.

"Baba, in muka liƙa waɗannan, mutane za su ɗauka na waje ne, mu ƙara kuɗi."

Baba ya karɓa ya mayar masa. "Jiya ka ɓoye aibi, yau kuma za ka ɓoye kanka? Ɗauko fenti. Rubuta sunanka da lambar wayarka a jikin kowane firam. Wanda ya san za a neme shi gobe, ba ya wasa da aikin yau."

Ɗan Alhaji yana wurin, ya ji komai. Da kansa ya sayo musu na'urar walda mai kyau bashi, aka rubuta yarjejeniya, suna biyansa duk ƙarshen wata.

Darasin labarin nan a kan mutum biyu yake. Mai saye da ke da hali, ya fara duba abin da maƙwabcinsa ya ƙera kafin ya miƙa kuɗinsa ƙetare, domin sana'ar da ba a saya ba ta girma, kuma matashin da ya rasa aiki nauyinsa a kan kowa yake komawa. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya sayi abin da aljihunsa zai ɗauka, babu laifi a kansa. Mai ƙera kuwa ya sani cewa 'yan'uwantaka ba ta halatta masa ha'inci. Ya faɗi gaskiyar abin da ke jikin kayansa, ya kyautata aiki, in ya lalace ya gyara. Gwamnati na iya yin doka a fifita kayan gida, amma amana ce kaɗai ke sa mai saye ya dawo.