Kabewa Mai Haske da Mas'alar Israfi

A gefen kogin Hudson, a garin Croton-on-Hudson cikin jihar New York ta Amurka, akwai wani tsohon gida mai faɗin lambu da ake kira Van Cortlandt Manor, inda tun shekarar 2005, idan kaka ta yi, ganyen itatuwa ya yi ja ya soma kakkaɓewa, dare kuma ya fara fin rana tsawo, akan jera dubban kabewa, har daga baya suka haura 7,000, an rarake cikinsu, an sassaƙa bayansu, an sa musu haske a ciki, domin jama'a su biya kuɗi su zo kallo bayan faɗuwar rana. Mai ziyara yakan bi wata siririyar hanya cikin duhu da sanyi, ya wuce ta wata gada wadda da kabewa aka yi mata ado, ya tarar da surar manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da, har ya manta cewa abin da ya ɗauke masa hankali ɗin nan, in a wajenmu ne, makomarsa tukunyar miyar taushe.

Asalin al'adar daga Ailan yake, inda mutanen karkara kan rarake wata saiwa mai tauri da suke nomawa, su sa wuta a ciki a daren 31 ga Oktoba, suna ba da hikayar wani marowaci mai suna Jack wanda ya yaudari Shaiɗan, Aljanna ta ƙi shi, Wuta ma ta ƙi shi, ya zama mai yawo cikin duhu da garwashi guda. Da yunwar da ta soma a 1845 ta kora su zuwa Amurka, sai suka tarar da kabewa, wadda ta fi girma ta kuma fi sauƙin sassaƙa. Hukuncin shiga bukin wannan dare da ke da irin wannan asali, da hukuncin sassaƙa fuskoki, na bar wa ma'abota fatawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko halal ne ga ɗan Adam ya mai da abin ci abin kallo, alhali kuwa akwai masu kwana da yunwa.

Musulmi ba zai ɗauki wannan tambaya da wasa ba, domin dangin wannan tsiro suna da daraja a wurinsa: da irinsa Allah Ya yi wa Annabi Yunusa inuwa bayan fitowarsa daga cikin kifi, Anas ɗan Malik kuma ya ruwaito cewa ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana bin yankansa cikin akushi a gidan wani maɗinki. Amma fa malamai ba su taɓa cewa ciki kaɗai ke da hakki a kan dukiya ba. Imamu Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya bi magabatansa wajen kasa maslahohin bayi kashi uku, na larura, da na bukata, da na ƙawa, bai kuwa kori na ukun daga shari'a ba, sharaɗinsa dai kada ƙawa ta ci hakkin larura. Ashe ke nan ba a auna israfi da cewa abu bai shiga baki ba, in ba haka ba da mai shuka fure ma ya shiga sahun almubazzarai.

To, a kan wannan ma'auni, ina ganin dandalin kallon nan yana da hujjar da zai kare kansa. Kabewar da ake sassaƙawa iri ce da manoma suka zaɓa domin girma da kaurin mariƙi, namanta ruwa-ruwa ne mai zare, ba ita ake sawa a gwangwani don ci ba. Wani kaso na abin da ake jerawa ma na roba ne, ana adana shi shekara zuwa shekara. Ƙungiyar Historic Hudson Valley da ke shirya abin kuwa ba ta neman riba ba ce, da kuɗin ƙofa take kula da tsofaffin gidajen tarihi da karantar da yara. Kabewa guda da dubban idanu suka more ta, ta ciyar da manomi da masassaƙi da mai gadi, da wuya mai adalci ya ce ta tafi a banza. Ko ruɓewar da take yi cikin 'yan kwanaki, har sai an sassaƙa wata an maye gurbinta, ba aibi ba ce a wurina, tun da babu wata ƙawa ta duniya da aka yi wa alkawarin dawwama.

Inda zuciyata ba ta natsu ba shi ne wajen gasa da wajen bola. A watan Oktoba na 2013, mutanen garin Keene a jihar New Hampshire sun kunna kabewa 30,581 a lokaci guda domin su kafa tarihi, adadin da babu idon da zai iya ba kowace ɗaya hakkinta na kallo; a nan niyya ta tashi daga ƙawa ta koma takasur da alfahari, ko da yake surar aikin ba ta sauya ba. Haka kuma ƙasar noma da ruwa da taki da aka kashe wa kabewar da ake sassaƙawa a ajiye a ƙofar miliyoyin gidaje lokacin bukin ni'imomi ne da za a tambayi bawa a kansu, shi kuwa da gari ya waye ranar 1 ga Nuwamba sai ya ɗaure ta a leda ya jefa a shara, inda za ta ruɓe a binne tana fitar da iska mai ɗumama duniya, bayan kuwa 'ya'yanta ana soyawa a ci, namanta awaki da kaji suna so, ɓawonta ma taki ne. Wasu garuruwan sun soma tara ta bayan buki suna kai wa masu kiwo da masu haɗa taki, aikin da bai fi ƙarfin kowane mai gida da ke da bayan gida ko maƙwabci mai dabba ba.